Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Shugaban Hukumar Gasa Da Kare Haƙƙin Masu Saye (FCCPC) Kan Masu Kai Kaya Da Tallan "Firi Dilibari"

Assalamu alaikum Yallaɓai, ranka ya daɗe.

Da fatan kana lafiya, ya aiki ya kuma haƙuri da jama'a, Allah ya taya riƙo. Ni 'yar kasuwa ce a Kano, ina sayar da atamfa da leshi da abaya ta waya, a stetus ɗin WhatsApp da Instagram. Sarina yawanci a Kantin Kwari ne, amma akwai kayan da sai na yi oda daga Legas, wato dai ina tura kaya kuma ana turo min, duka ɓangarorin biyu na san zafinsu. Wasiƙar nan ba tawa ba ce ni kaɗai. Na rubuta ta ne a madadin matan da muke guruf ɗaya da su, da ƙannenmu 'yan makaranta masu tara kuɗi da ƙyar su yi odar waya ko takalmi, da iyayen amare masu haɗa kayan ɗaki a hankali a hankali. Da Hausa na rubuta saboda da Hausa muke kukan, na san kuma ba za a rasa mai karanta maka ba a ofis.

Dalilin da ya sa ku na nufa ba wasu ba, dokar da ta kafa hukumarku ta 2018, wadda aka sa wa hannu a farkon 2019, ta ce mai saye yana da haƙƙin a faɗa masa farashi a fili, yana da haƙƙin ya duba kaya, yana da haƙƙin ya mayar da abin da ya zo da aibu, kuma ta hana talla ta yaudara. Mun kuma ga cewa in kun so yin aiki kuna yi. A 2022 kun taso wa manhajojin nan masu ba da bashi da ke tura wa dangin mutum saƙon cin mutunci, kuka tilasta musu rajista har kuka fitar da sunayen waɗanda kuka amince da su. A 2024 kun ci kamfanin Meta, mai Facebook da WhatsApp da Instagram, tarar dala miliyan 220. To a kan dandalin wannan Meta ɗin dai kasuwarmu take ci dare da rana, kuma tsakanin lokacin da mutum ya yi tiransfa da lokacin da kaya za su shigo hannunsa akwai wani fili da babu mai tsaronsa, a nan ake ta cutar mutane kullum, mu kuwa ba mu ji wata ƙa'ida bayyananniya da ta iso gare mu a kan haka ba.

Abu na farko shi ne tallan nan na "firi dilibari", wato kawo kaya kyauta, da ya cika ko'ina. Yallaɓai kafin 29 ga Mayu 2023 litar fetur ba ta kai naira 200 ba a farashin gwamnati, aka cire tallafi cikin 'yan kwanaki ta haura 500, a ƙarshen 2024 kuwa mun saye ta sama da 1,000. Daga Legas zuwa Kano tafiyar kusan kilomita 1,000 ce. A wannan yanayin wani zai rubuta maka cewa zai kawo maka katan har ƙofar gida ba ko sisi, ta yaya? Banza ba ta kai zomo kasuwa. Akwai wanda ke biyan kuɗin nan, kuma hanyoyin biyu ne. Ko dai an riga an cusa kuɗin motar cikin farashin kaya, jakar da za a sayar 18,000 a ce 23,000 a rubuta kyauta za a kawo, wanda ke unguwa ɗaya da mai shago ya biya daidai da na Maiduguri ba tare da ya sani ba. Ko kuma, kuma wannan ya fi yawa ya fi ciwo, mai sayarwa ya nemi mafi arhar wanda zai ɗauki kayan, ko waye shi, tunda duk nairar da ya rage a kuɗin mota ribarsa ce.

A nan ne asarar mai saye take, ba a dubu biyar ɗin da aka ɓoye ba. Idan ni na biya kuɗin kai kaya da hannuna, ina da bakin cewa ga kamfanin da nake so, a ba ni lambar bibiya, a naɗe min da kyau tunda abin fashewa ne. Amma da zarar an ce kyauta ne to an rufe min baki, in na tambaya wa zai kawo sai a ce Hajiya kar ki damu zai iso, in na matsa a ce ai kyauta ake miki. Ban san motar ba, ban san direban ba, ban san ranar ba, kuɗina kuwa sun riga sun fita.

Bari in faɗa maka yadda wannan "zai iso" ɗin yake a tasha, don na tsaya na gani da idona ba sau ɗaya ba, a matsayin mai turawa da kuma mai karɓa. Ana kawo kaya a leda ko buhu an zagaye da salatif, a ɗauki alƙalamin maka a rubuta lambar wayar mai karɓa da sunan gari a jiki, shi kenan rasit ɗin. Ɗan kamasho ya karɓa, a yi ciniki, ya jefa a but tare da buhun albasa da jarkar manja da tayar sifiya, a danne but ɗin da gwiwa a ɗaure da igiya. Babu mai tambayar mene ne a ciki balle nawa ne kuɗinsa. In mota ta isa, direba zai kira sau ɗaya, wataƙila sha ɗayan dare wataƙila da asuba, ya ce ina tasha ki turo a karɓa yanzu zan juya. In ba a ɗauka ba ya bar wa wani a rumfa ya kama hanya. Washegari ka je ka tarar da tulin kaya a ƙasa, duk wanda ya karanto lambar da ke jikin leda, lambar da kowa ke gani, an miƙa masa, babu katin shaida babu sa hannu. In kuma naka yana nan sai an ce ka ba da kuɗin ajiya da kuɗin sauke kaya kafin a sake maka. Ba ina cewa duk direbobi haka suke ba, akwai waɗanda na shekara ina ba su kaya ko allura ba ta taɓa ɓata ba, amma wannan amanar mutum ɗaya ce ba tsari ba, ranar da motarsa ba ta kan layi sai dai ka yi addu'a.

Wata maƙwabciyata, bazawara ce mai sayar da ɗanwake da safe, da adashe ta haɗa kuɗin kayan kicin ɗin 'yarta. Ta ga setin faranti da kofuna na tangaran da bilenda a wani shafi, an rubuta za a kawo ko'ina a Najeriya kyauta, ta zo na taya ta duba, shafin yana da mabiya da yawa da hotunan kwastomomi. Ta biya. Aka ce kwana uku, aka shiga mako na biyu, ana gobe jere katan ɗin ya iso. A tsakar gidanta aka buɗe muna tsaye, tun kafin a yanke salatif ɗin muna jin ƙarar fasassun abu a ciki, ko takarda ɗaya ba a saka tsakanin farantan ba, gefe guda na katan ɗin ya jiƙe ya lotse alamar an ɗora masa nauyi. Matar nan ba ta ce komai ba, tsugunawa ta yi tana tsince masu rai tana jerawa a tabarma. Muka ɗauki bidiyo muka tura wa mai kayan, ta ce ita lafiya ƙalau ta bayar a tambayi direba. Direba ya ce shi katan aka ba shi katan ya kawo, ba wanda ya ce masa na fashewa ne. Da muka koma wajen mai kayan ta ce ai dama kyauta ta turo, daga nan ta yi mana bulok. Da kayan aro aka yi jeren yarinyar nan.

Wannan zagayen shi ne ƙorafinmu na biyu kuma shi ne uwar matsalar: babu wanda ke ɗaukar alhaki. Mai sayarwa ya ce da zarar ya miƙa kaya ya fita, mai ɗauka ya ce shi ba da kai ya yi ciniki ba, kuma ta wata fuskar gaskiya ya faɗa tunda ba kai ka biya shi ba. Har kamfanonin da ke da ofis da kwamfuta da takardar webil, wato takardar shaidar tura kaya, juya bayan takardar ka gani, da ƙananan haruffa cikin Turanci an rubuta cewa kaya na kan kasadar mai su ne, ko kuma in sun ɓata abin da za a biya bai wuce wani ɗan adadi ba sai in an bayyana darajar kayan an biya inshora tun farko. To wa ke bayyanawa? Mai sayarwar da ke neman rage kuɗi ba zai ce wayar 300,000 ce a ciki ba, zai ce kayan sawa ne. Mai saye bai taɓa ganin takardar nan ba, bai sa hannu ba, amma shi sharuɗɗanta ke ci.

Sai abin da ke faruwa a ƙofar gida. An ce kyauta, amma ɗan dilibari zai tsaya da babur ɗinsa ya ce unguwarku ta yi nisa sai an ƙara kuɗin mai, in ba haka ba zai koma da kaya, kuma ka san in ya koma sai ka yi mako kana bin sawu. Ka ce bari in buɗe in duba ya ce ba a ba shi izini ba, ka sa hannu tukuna. To ina amfanin haƙƙin duba kaya da doka ta bayar in ba za a bari ka buɗe ba sai mai kawowa ya tafi? Mu nan kuma akwai abin da na ga kamar masu tsara waɗannan abubuwa ba sa lissafawa da shi, da yawa daga cikin masu odar nan matan aure ne da ba za su fito ƙofar gida su tsaya ja-in-ja da baƙon namiji ba, yaro ake aikawa ya karɓo, yaron da bai san me aka yi oda ba. Sannan ga lambar waya da kwatancen gida a hannun mutumin da babu wanda ya san sunansa na gaskiya. Mata nawa ne a guruf ɗinmu suka yi ƙorafin cewa bayan an kawo kaya sai saƙonni su fara shigowa da dare, wata har rigima ta jawo mata da mijinta. Wannan ba ƙaramin abu ba ne wallahi, kuma kunya ke hana a faɗa.

Kayan da ake oda daga Chaina ma haka, tun zamanin AliExpress har zuwa shigowar Temu ƙarshen 2024 jama'a sun saba ganin an rubuta kyauta za a turo. Irin wannan turowar hanya mafi arha take bi, kaya su sauya hannu daga wannan kamfani zuwa wancan, kuma mai kawowa na ƙarshe a cikin gari sau da yawa wani ne daban da mai saye bai taɓa jin sunansa ba. 'Yan damfara sun gane haka sarai. Suna kira su ce fakitinka ya iso amma an riƙe shi sai ka tura kuɗin kwastan, ko ka karanto lambar da aka turo maka a waya, wanda kuwa dama yana jiran kaya kuma bai san wa zai kawo ba, me zai hana ya yarda?

Ba zan zalunci direbobi da 'yan dilibari ba, su ma a matse suke. Yaron da ake biya ɗan abin da bai taka kara ya karya ba a kan kowane fakiti, mai daga aljihunsa, gyaran babur daga aljihunsa, dole ya loda abin da ya fi ƙarfin akwatinsa ya yi ta gudu. Ga masu karɓar haraji kala-kala a titi kowa da sitikarsa. Ga kwatancen gidajenmu, bayan masallacin Juma'a layi na uku kusa da tiransfoma gida mai jan get, ya ƙona kati ya ƙona mai yana nema. Hanya kuma kowa ya sani, a 2022 da ruwa ya shanye titin Lokoja zuwa Abuja wajen Koton Karfe motoci kwanaki suka yi a tsaye, ba wanda zai zargi direba da wannan. Abin da muke cewa shi ne idan aka matse kuɗin kai kaya har ya koma kamar babu don a samu damar rubuta kyauta, to a jikin waɗannan yaran da kuma a jikin kayanmu ake fanshewa.

Mu ƙananan masu sayarwa ma tallan nan yana kashe mu. Ni ba na rubuta shi, ina faɗa wa kwastoma kuɗin kaya daban kuɗin mota daban ta zaɓi inda take so a bi, kuma ina gani da idona ana barina a tafi wajen wadda ta rubuta kyauta ko da jimillar kuɗinta ta fi tawa. Mai faɗin gaskiya shi ke asara, wannan kuwa ai maganar gasa ce ta adalci, wadda ita ma tana cikin sunan hukumarku.

Na san ba da lasisin kamfanonin kai saƙo aikin hukumar gidan waya NIPOST ne ba naku ba. Muna tune da Yulin 2020 lokacin da aka fitar da sabon kuɗin lasisi, daga naira 250,000 na ƙananan masu sana'a har zuwa miliyan 20 na masu hulɗa da ƙasashen waje, jama'a suka yi ca, ministan sadarwa na lokacin Isa Ali Pantami ya ce a dakata. Duk hayaniyar ta tsaya ne a kan nawa za a biya gwamnati. Mu abin da ya dame mu shi ne me lasisin ke tilasta wa kamfani ya yi wa mai kaya in an ɓatar ko an fasa, kuma ta yaya mace da ke zaune a Gwammaja ko Funtuwa ko Azare za ta gane mai lasisi da marar shi.

Saboda haka Yallaɓai ga abin da muke roƙo.

Ku fito ku faɗa a fili, da sanarwar da kowa zai ji, cewa alhakin kaya yana wuyan mai sayarwa har sai sun shiga hannun mai saye lafiya, matuƙar shi ya zaɓi wanda zai kai. In sun fashe ko sun ɓata ya mayar da kuɗi ko ya sake turo wasu cikin wa'adin da za ku yanke, shi kuma ya je ya bi direbansa ko kamfaninsa tunda shi ya san su. Ni mai sayarwa ce kuma na san wannan zai hau kaina, na yarda, domin ranar da asarar ta koma kan mai zaɓen mota ranar za a fara zaɓen mota mai kyau a kuma fara saka takarda tsakanin faranti. Wannan ita ce babbar buƙatarmu, in ita kaɗai aka yi ma an rage rabin kukan.

Duk wanda zai rubuta kyauta zai kai kaya, a wajabta masa ya faɗi wa zai kai, zuwa ina kyautar ta tsaya, tasha ko ƙofar gida, da kwana nawa, tun kafin a biya. In wa'adi ya wuce da tazara mai saye ya samu damar fasa ciniki a dawo masa da kuɗinsa cas. Karɓar ƙarin kuɗi a ƙofar gida bayan an yi tallan kyauta kuwa ku ɗauke shi a matsayin yaudara ku hukunta a kai. A kuma bar mai saye ya zaɓi ya biya nasa kuɗin ya bi ta kamfanin da ya yarda da shi in ya ga dama, kar a ce dole sai ta hanyar mai shago.

Ku zauna da NIPOST ku fitar da sunayen kamfanonin kai kaya masu lasisi jiha jiha, yadda kuka yi wa masu ba da bashi, a wurin da za a iya dubawa da ƙaramar waya. Sharuɗɗan bayan takardar webil a rubuta su da girma da harshen da mutane ke ji, a daina fakewa da su ana hana diyya in sakaci ya tabbata. Ɗan dilibari ya riƙa ɗaukar katin shaida, a ba mai karɓa 'yan mintuna ya buɗe ya duba a gabansa, kuma kamfani ya ɗauki alhaki in ma'aikacinsa ya yi amfani da lambar kwastoma ta hanyar da ba ta dace ba.

Maganar tasha kuma don Allah kar a ce za a hana, in aka hana tura kaya ta tasha an kashe kasuwancin dubban mata, akwai garuruwan da babu wani kamfani da ke zuwa sai motar haya. Gyara muke so. Ku kira shugabannin ƙungiyar direbobi NURTW da ta masu motocin sufuri NARTO a yi yarjejeniya, kowace babbar tasha irin su Unguwa Uku da Kawo da Jabi a samu tebur ɗaya na saƙo da littafi, a rubuta sunan direba da lambar mota da abin da ke ciki da kimarsa, a ba mai turawa rasit, mai karɓa kuma ya faɗi wata lambar sirri da aka tura masa ba wadda ke rubuce a jikin buhu ba. Kuɗin ajiya in akwai a manna shi a bango kowa ya gani. Littafi da biro ne da mutum ɗaya, ko naira 200 aka ɗora a kan kowane saƙo za mu biya da daɗin rai.

Na ƙarshe, hanyar kai ƙara. Wadda ta yi asarar 25,000 ba za ta cike fom da Turanci a intanet ba, ba kuma za ta ɗauki lauya ba, haƙura take yi ta bar wa Allah, masu cutar kuma da wannan haƙurin suka dogara. Ku buɗe lambar WhatsApp da za a iya tura saƙon murya da Hausa da hoton rasit da bidiyo, ku haɗa kai da hukumomin kare masu saye na jihohi irin wadda muke da ita a Kano, ku shiga gidajen rediyo ku yi bayani musamman gab da azumi da sallah da lokacin bukukuwa da oda ke yawa. Shagon da ƙorafi ya yi yawa a kansa kuma aka tabbatar, a bayyana sunansa.

Muna da sikirinshot na hirarraki da rasit na tiransfa da bidiyon kayan da suka lalace, mun tara su a guruf, kuma akwai mata da dama da suka ce a shirye suke su yi bayani da bakinsu in za a sakaya sunansu. In hukumarku za ta turo wakili Kano ko ta shirya zama da 'yan kasuwa da shugabannin tasha da kamfanonin kai kaya, a sanar ta rediyo, za mu zo da su.

Na gode da lokacinka, Allah ya ba da ikon yin adalci.

Wassalam,
Wata 'yar kasuwar waya daga Kano, a madadin 'yan uwanta masu saye da sayarwa.